Basawa: Ana koyar da ilimin sufuri a bakin hanyarta, amma babu wanda ke riƙe da adadin mutanenta

Kafin ƙarfe bakwai na safe hanyar Basawa ta riga ta cika. Keke Napep ɗauke da 'yan makaranta, 'yan acaɓa da ma'aikata a bayansu, motocin sojoji masu shiga bariki, da a-kori-kura da ta yi lodin buhunan masara ko rake za ta kasuwar Sabon Gari, duk a kan titi guda, kowa na sauri.

Wanda ya tsaya a bakin kwalta zai ɗauka wannan yanki ba shi da matsalar sufuri. Abin hawa ba ya yankewa. A kan wannan hanya ce ma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, wato NITT, take tun da aka kafa ta a 1986, inda ake horar da jami'an da ke tsara harkar sufuri a ƙasar baki ɗaya.

Sai mutum ya sauka daga kan kwalta ya shiga unguwa labarin yake canzawa. Jar ƙasa ce, ƙura da rani, taɓo da damina. Akwai layukan da mai Keke zai tsaya a bakinsu ya ce iyakarsa ke nan, fasinja ya sauke kayansa ya nemi ɗan acaɓa ko ya ƙarasa da ƙafa.

Mutum nawa ne ke zaune a bayan wannan kwalta? Tambaya ce mai sauƙi, amma babu wata takardar ƙidaya ta hukuma da aka wallafa a cikin shekaru talatin da suka wuce da ke ɗauke da amsarta.

Yadda gonaki suka zama unguwanni

Basawa na cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari a jihar Kaduna, a arewacin birnin Zariya, maƙwabciyar Samaru. Ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, tare da irin su Samaru, Bomo, Jama'a, Hanwa, Dogarawa, Zabi, Muciya da Cikaji. Sunanta ne kuma aka sa wa ɗaya daga cikin kujeru biyu da Sabon Gari ke da su a Majalisar Dokokin jihar.

Tarihin cikar wannan yanki tarihin sufuri ne tun daga tushe. Layin dogo ya iso Zariya a 1911 a kan hanyarsa ta zuwa Kano, kuma a gefen tasharsa ne Sabon Gari ta tsiro, mazaunin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa baƙi. Zuwa 1929 an shimfiɗa wani reshen daga Zariya zuwa Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, domin kwaso auduga da gyaɗa. Wannan layi ne ya ratsa ta Samaru, kuma har yau unguwar da ke tsallakensa Hayin Dogo ake ce mata.

A 1922 Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta biyo baya a 1964 a Palladan. A Basawa kanta akwai barikin soja inda makarantar 'yan sandan soja take, ga kuma Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa, NARICT, wadda ta samu wannan suna a 1988. A 2005 Asibitin Koyarwa na jami'ar ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyi ta zo da ma'aikata, ma'aikatan suka zo da iyali, bayansu kuma masu shago, magina, teloli, masu abinci da direbobi. Da kuɗin haya ya yi tsada a Samaru da Palladan, sai ƙananan ma'aikata da ɗalibai masu iyali suka fara matsawa inda fili ke da araha. Sojan da ya yi ritaya ya sayi fuloti kusa da barikin da ya saba da shi. Manomin da ya gaji gona a bakin gari ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar, wani lokaci ba tare da an bar hanyar da mota biyu za su gifta juna ba, balle magudanar ruwa.

A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wasu baƙin da ba su zo neman aikin gwamnati ba: iyalan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a Giwa da Birnin Gwari da maƙwabtan jihohi, suka nemi mafaka wurin 'yan'uwa a Zariya da kewayenta. Irin waɗannan ba sa yin rajista a ko'ina. Ɗaki guda ake ware musu a gidan ɗan'uwa, shi ke nan.

Adadin da ya tsaya cak tun 2006

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ce 'yan ƙasar sun kai miliyan 140 da 'yan kai. Jihar Kaduna ta samu miliyan 6.1, ƙaramar hukumar Sabon Gari kuma kimanin mutum 290,000.

Daga nan bayanin ya tsaya. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar da alƙaluman jihohi da na ƙananan hukumomi, amma ba ta wallafa na garuruwa da ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Duk mai son sanin yawan mutanen wani gari shi kaɗai, sai ya koma ƙidayar 1991, lokacin da jimillar 'yan Najeriya ba ta kai miliyan 89 ba, kuma da yawa daga cikin unguwannin da ke bayan hanyar Basawa a yau dawa da gero ake nomawa a cikinsu.

Majalisar Ɗinkin Duniya na ba da shawarar a riƙa ƙidaya duk shekara goma. An sa ranar 3 zuwa 7 ga Mayun 2023 domin sabuwar ƙidaya, har an horar da ma'aikata an sayo na'urori, sai gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta ana saura kwanaki kaɗan.

Abin da ake yi a madadin haka shi ne ƙiyasi. Ana ɗaukar adadin 2006 a riƙa ƙara masa kimanin kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Da wannan lissafi Sabon Gari ta haura rabin miliyan. Matsalar ita ce lissafin na ɗaukar kowane yanki kamar yana girma daidai da ɗan'uwansa, alhali tsohuwar unguwa da ke tsakiyar Sabon Gari, wadda ba ta da sauran filin gini, ba za ta yi girma irin na bakin gari ba, inda kullum ake haƙa sabon tushen gida.

Ma'aikatan lafiya sun fi kowa sanin illar haka. A tsarin da ake bi, daga ƙiyasin yawan jama'ar mazaɓa ake fitar da adadin waɗanda za a yi wa hidima: kashi 4 cikin 100 jarirai 'yan ƙasa da shekara guda, kashi 20 yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 5 mata masu juna biyu. Idan tushen lissafin ya yi ƙasa, allurar rigakafi da gidan sauro sai su ƙare layi bai ƙare ba, a takarda kuwa a ga an cika aiki har an zarce.

Dattawa na iya tuna lokacin da ake da wata irin ƙidaya ta gida. A zamanin haraji da jangali, mai unguwa ya san kowane baligi da ke ƙarƙashinsa, dagaci na da jerin sunaye, hakimi na da jimilla, duk shekara kuma ana sabunta su. Ba don alherin talaka ake yin wannan ƙirga ba, shi ya sa mutane suka yi murna da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna a 1979. Amma tun daga lokacin ba a samu wani littafin da ake sabuntawa duk shekara a hannun masu unguwa da ya maye gurbinsa ba. Wataƙila ma wani ɓangare na ɗari-ɗarin da wasu magidanta ke yi da mai ƙirga ya samo asali ne daga wancan zamani, lokacin da faɗin gaskiyar yawan mutanen gida ke nufin ƙarin kuɗin da za a biya.

Ƙauyuka uku da aka auna da hanya

Abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin sanannun binciken da aka taɓa yi a Afirka ta Yamma kan alaƙar hanya da rayuwar ƙauye, a nan Samaru aka tsara shi.

A 1966 da 1967, wata tawagar masu binciken tattalin arzikin karkara ta Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin David Norman ta zaɓi ƙauyuka uku a lardin Zazzau, kuma ma'aunin zaɓen shi ne sauƙin isa birni. Hanwa na daf da Zariya. Doka na da nisa amma tana kan babbar hanyar Kano. Ɗan Mahawayi kuwa na can ciki, inda isa gare shi da damina aiki ne.

Masu binciken sun riƙa bin gidaje suna rubuta aikin da kowa ya yi, abin da ya shuka da abin da ya sayar. Sun tarar mutane sun fi cunkushewa a Hanwa, ƙasar noma ta yi ƙaranci, amma jama'a na samun kuɗin shiga daga ayyukan birni da sayar da nono. A Ɗan Mahawayi ƙasa na da yalwa, mutane kaɗan ne, kasuwa kuma na da wuyar kaiwa.

Yau Hanwa ba ƙauye ba ce, mazaɓa ce mai cike da gidajen bulo da makarantu masu zaman kansu. Abin da ya same ta shi ne ke samun Basawa da Bomo da Dogarawa. Bambancin da Norman ya je nema tsakanin ƙauyuka uku masu nisa da juna, yanzu ana iya ganinsa a cikin mazaɓa guda: gidan da ke bakin kwalta na rayuwa irin ta Hanwa, wanda ke kilomita uku a ciki, bayan rafi, na ɗanɗana wani abu daga rayuwar Ɗan Mahawayi.

Abin da Indiya ta yi da alƙalumanta

Indiya ƙasa ce da ta fi Najeriya yawan ƙauyuka nesa ba kusa ba, kimanin 640,000 a ƙidayar 2011. Amma duk wanda ya buɗe intanet ya nemi sunan wani ƙaramin ƙauye a can, sau da yawa zai tarar da adadin gidajensa, maza nawa, mata nawa, yara 'yan ƙasa da shekara bakwai nawa, da masu iya karatu nawa. A kundin da ake fitarwa na kowace gunduma ana rubuta ko bas na zuwa ƙauyen, ko akwai tashar jirgin ƙasa, idan babu kuma nisan wadda ta fi kusa, da ko hanyar shiga mai kwalta ce ko ta ƙasa.

Waɗannan alƙaluma ba ado ba ne. A ranar 25 ga Disambar 2000 gwamnatin Firaminista Atal Bihari Vajpayee ta ƙaddamar da shirin hanyoyin karkara da ake kira PMGSY, wanda ya ɗora rabon hanya a kan yawan jama'a. Duk matsugunin da ke da mutum 500 ko fiye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya cancanci hanyar da ake bi rani da damina. A yankunan tsaunuka da hamada an rage adadin zuwa 250. Aka fara da masu mutum 1,000. Ɗan kwangilar da ya gina hanya shi ke da alhakin gyaranta na shekara biyar bayan kammalawa. An gina sama da kilomita 700,000 ƙarƙashin shirin, har da manhajar waya da ɗan ƙauye zai iya ɗaukar hoton rami ya aika ƙorafi.

Amfanin irin wannan doka shi ne ta rage roƙo. Ƙauyen da ya kai adadi ba ya buƙatar ɗansa ya zama kwamishina kafin a waiwaye shi. Yana da lamba a takarda da zai kafa hujja da ita.

Sai dai ba a ce hanya maganin komai ba ce. Masana tattalin arziki biyu, Sam Asher da Paul Novosad, sun wallafa bincike a 2020 inda suka kwatanta ƙauyukan Indiya da suka ɗan haura adadin cancanta da waɗanda suka ɗan gaza. Babban canjin da suka gani bayan 'yan shekaru shi ne mutane sun bar aikin gona sun tafi aikin lada a waje; ba su ga wani gagarumin ƙari a amfanin gona ko dukiyar gidaje ba. Wato hanya ta fi saurin fitar da mutane zuwa inda aiki yake fiye da kawo arziki cikin ƙauye. Mutumin Basawa da ke fita da asuba zuwa aikin gini a Samaru ko dako a kasuwar Sabon Gari ba zai yi mamakin wannan sakamako ba.

Ita ma Indiya ta yi jinkiri: ƙidayar da ya kamata ta yi a 2021 an ɗage ta saboda korona, aka yi shekaru ana aiki da alƙaluman 2011.

Kilomita biyun ƙarshe

Bankin Duniya na da ma'aunin da yake auna sauƙin sufuri a karkara da shi: kaso nawa na mutane ne ke zaune cikin tazarar kilomita biyu daga hanyar da ake iya bi duk shekara. Kilomita biyu tafiyar minti ashirin zuwa ashirin da biyar ce ga mai lafiya da ba ya ɗauke da kaya. Ma'aunin na cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa da ƙasashen duniya suka amince da su a 2015.

Kalmar da ta fi muhimmanci a ciki ita ce "duk shekara". Yankin Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma a watan Agusta ya fi tsanani. Hanyar burji da aka zuba wa jar ƙasa aka daddale da rani, idan ba ta da magudana a gefe da kwalbati a inda ruwa ke tsallakawa, damina ɗaya ta isa ta mayar da ita kwazazzabo. Ruwan da ke sauka daga sababbin rufin kwano, wanda a da gona ce ke shanye shi, yanzu layin unguwa yake bi.

A nan ne kuɗin mota ke rabuwa gida biyu. A kan kwalta mai Keke na cika fasinja huɗu ko biyar, kowa ya biya kasonsa. Da zarar an ce a shiga ciki, magana ta koma shata: mutum ɗaya zai biya kuɗin tafiya da dawowa, da ladan taɓon da za a wanke, da fargabar abin da bakanike zai caja idan ƙafa ta karye. Sau da yawa guntuwar tafiyar da ke tsakanin gida da bakin titi ta fi doguwar tafiyar da ke tsakanin bakin titi da kasuwa tsada.

Ga mai kayan gwari abin ya fi ciwo. Hanyar Basawa na miƙewa arewa zuwa Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, yankin da ya yi suna a noman rake da tumatir da attaruhu. Kwandon tumatir ba ya jiran gari ya bushe. Idan mota ba ta iya shiga gona ba, sai a yi jigila da babur kwando bibbiyu, kowace gargada na fasa na ƙasa. Dillalin da ya yi ƙarfin halin shiga da motarsa kuwa shi ke yanka farashi, domin ya san manomi ba shi da zaɓi.

Sai kuma dare. Asibitin Koyarwa na Shika ba shi da nisa daga Basawa idan aka auna da taswira, kuma mutane na zuwa can daga Katsina da Zamfara da Neja. Amma matar da naƙuda ta zo wa da gardama ƙarfe biyun dare a watan Agusta, a gidan da mota ba ta iya zuwa ƙofarsa, nisan da ke gabanta ba na taswira ba ne. Sai an tayar da maƙwabci mai babur, ko a tallabo ta zuwa bakin titi. Masana lafiyar mata na lissafa jinkiri iri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun hanya ce. Kuma sanin wahalar hanya na sa maigida ya ce a ɗan ƙara jira zuwa wayewar gari, wanda shi ne na farkon.

Abubuwa biyu sun nuna yadda yankin ya dogara da babur da Keke. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta haramta hawa babur a faɗin jihar na tsawon wata uku a matakin farko, a cikin matakan yaƙi da 'yan bindiga. Mai mota a bakin kwalta bai ji a jikinsa ba; wanda babur ne kaɗai ke isa ƙofar gidansa ya koma tafiyar ƙafa da keke. Sannan a ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Tafiyar da ba a raba kuɗinta da kowa, wato ta cikin unguwa, ita ta fi jin wannan tashi.

Hanyar wa ce?

An kasa hanyoyin Najeriya gida uku: na tarayya, na jiha, da na ƙananan hukumomi. Cikin kusan kilomita 200,000 da ƙasar ke da su, na tarayya kimanin 35,000 ne. Kusan kashi biyu cikin uku na hannun ƙananan hukumomi, matakin gwamnatin da ya fi kowane ƙarancin kuɗi da injiniyoyi.

Manyan ayyuka ba su tsallake Zariya ba. An sake gina tagwayen hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, wadda ke bi ta Kwangila, aka buɗe waɗannan sassa a Mayun 2023. A Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano wanda zai bi ta Zariya. Shirin sabunta birane da gwamnatin jihar ta fara a 2019 ya taɓa tituna da dama a Zariya da Sabon Gari. Jihar Kaduna ce ma Bankin Duniya ya fara gwada shirin hanyoyin karkara na RAMP a cikinta a 2008.

Wurare irin bayan Basawa na faɗawa ne a tsakani. Shirin karkara na neman ƙauyen manoma mai nisa, shirin birni na neman titin da ke cikin taswirar gari. Unguwar da ta tsiro a kan gona shekara goma sha biyar da suka wuce ba ta cika sharaɗin ko ɗaya ba, kuma ba ta da lambar da za ta nuna cewa ta fi wasu hedikwatocin ƙananan hukumomi yawan jama'a, idan ma ta fi.

Yawan jama'a na shiga har cikin rabon kuɗi. A tsarin da ake raba kason jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 kuma bisa yawan jama'a. Ƙaramar hukumar da ta cika da baƙi bayan 2006 na ɗaukar nauyin mutanen yau da kason da aka auna da mutanen jiya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko da kuɗin ya iso cif, shugaban ƙaramar hukuma zai zauna da jerin layuka masu neman kwalbati ba tare da wani ma'aunin da kowa ya yarda da shi na wanda za a fara yi ba. Inda babu ma'auni, wanda ya fi kusa da kunnen shugaba shi ke samu.

A halin yanzu unguwanni na yin abin da suka saba. Ƙungiyar ci gaban unguwa ta yanka wa kowane gida kuɗi, a sayo tifar ƙasa ko ɓaraguzan gini a zuba a rami, matasa su fito aikin gayya ranar Asabar da shebur da baro. Wani mai hali ya ɗauki nauyin kwalbati ɗaya saboda Allah. Aikin na riƙewa zuwa ruwan Agusta.

Masu ƙirgar da ba a kira su masu ƙidaya ba

Ba wai babu alƙaluma kwata-kwata ba ne, a warwatse suke. Hukumar zaɓe ta INEC na da adadin masu rajista a kowace rumfa, sai dai ba ta ƙirga yara, ga ɗaliban da suka yi rajista suka gama karatu suka tafi. Makarantun firamare na da rajistar ɗalibai. Jihar na da hukumar ƙididdiga tata da ke binciken gidaje lokaci zuwa lokaci, da hukumar KADGIS mai taswirar filaye. Akwai kuma shirin GRID3, wanda ya samo asali daga taswirar da aka zana domin yaƙi da cutar shan inna a arewacin Najeriya: ana ƙirga rufin gidaje daga hoton tauraron ɗan'adam, a haɗa da ƙirgar samfuri a ƙasa, a fitar da ƙiyasin mutanen kowane yanki. Ba ƙidaya ba ce a hukumance, amma tana ganin sabon gida a shekarar da aka rufa shi.

Haɗa irin waɗannan bayanai da taswirar hanyoyin mazaɓa guda, a fitar da jerin layukan da suka fi yawan mutane kuma suka fi yankewa da damina, aiki ne da ba ya buƙatar jiran Abuja. Sashen nazarin taswira da na tsara birane na Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru, NITT na kan hanyar kanta, kuma ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu a kan waɗannan unguwanni duk shekara, kundayen da galibi a kan kanta suke ƙarewa.

Waɗanda suka fi kowa sanin ƙofofin bayan Basawa su ne matan da ke zagayen rigakafi gida-gida. Suna shiga layin da Keke ba ya shiga, da akwatin sanyi a kafaɗa, mai unguwa ko wakilinsa na gaba. A kowane gida suna tambayar yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar, su ɗiga wa waɗanda suka samu, sannan su rubuta adadin da kwanan wata da alli a jikin bango ko ƙyauren ƙofa. Rubutun kan kai 'yan makonni idan rani ne. Da damina, ruwan farko da ya bugi bangon yake wanke shi.